Idan Kurmi Ya Tsaya Cikin Teku, Ina Za a Ja Layin Gaɓa?

Duk wanda ya taɓa buɗe hoton tauraron ɗan'adam don ya zana gaɓar teku a OpenStreetMap, taswirar duniya da 'yan sa-kai suke zanawa a intanet, ya san aikin ba shi da wani sarƙaƙiya matuƙar gaɓar ta dutse ce ko ta rairayi. Ga ruwa, ga tudu, sai ka bi tsakaninsu da ɗigo-ɗigo. Hannu yana fara rawa ne idan aka iso inda itatuwan mangurof, masu tsira cikin lakar ruwan gishiri, suka mamaye bakin teku. Daga sama kurmi ne kore shar, ba ka ganin ko ɗigon ruwa a cikinsa. Daga ƙasa kuwa, idan teku ta cika, kwale-kwale yana ratsawa tsakanin saiwoyinsa, kifi yana iyo a inda awa shida da suka wuce kaguwa ke yawo a kan laka. To wannan wurin tudu ne ko teku?

Tambayar ba ƙarama ba ce, domin wurin da ake magana a kai ba ƙarami ba ne. Ƙididdigar Global Mangrove Watch, shirin da ke bibiyar mangurof ta tauraron ɗan'adam, ta shekarar 2020 ta ce wannan kurmi ya rufe kimanin murabba'in kilomita 147,000 a duniya. Kusan kashi ɗaya cikin biyar yana Indunusiya, sannan Barazil, Ostareliya, Meziko da Najeriya suna biye. Kurmin Sundarbans kaɗai, wanda Bangaladash da Indiya suka raba, ya kai murabba'in kilomita 10,000. Zaɓin da mai zane ya yi a irin wannan wuri yana iya mayar da yanki mai girman wata ƙaramar ƙasa ruwa ko tudu.

Kafin a auna zaɓin, sai an fahimci abin da layin gaɓa yake yi a wannan taswira. Babu wanda ya zana tekun Atilantika ko ta Indiya a matsayin fili guda. Abin da ake zanawa layi ne mai lakabin natural=coastline, wanda dole tudu ya kasance a hagunsa, ruwa a damansa, kuma dole kowane guntu ya haɗu da na gaba har ya zagaye nahiya ko tsibiri ya dawo inda ya faro. Daga nan wata manhaja mai suna OSMCoastline take harhaɗa guntayen ta fitar da siffar ƙasa da ta teku, waɗanda taswirori da manhajoji masu yawa suke ɗauka. Ma'anar wannan ita ce, layin ba shi da tsaka-tsaki. Abin da ke hagu ƙasa ne, abin da ke dama teku ne, shi ke nan. Shi kuwa mangurof, rayuwarsa gaba ɗaya a tsaka-tsakin take.

Ƙa'idar da aka rubuta ta ce a ja layin a matsakaicin iyakar babbar cika. A mafi yawan gaɓoɓi teku tana cika sau biyu a rana, tsakanin cika da cika kimanin awa 12 da minti 25. Amma cikar ba ɗaya ba ce kullum. Idan wata ya yi sabo, ko ya cika daren sha huɗu, janyowar rana da ta wata suna haɗa ƙarfi, ruwa ya hau fiye da yadda ya saba. Wannan ita ce babbar cika, tana zuwa kusan duk mako biyu. Matsakaicin inda take tsayawa shi ne gaɓa a wannan taswira. Su kuma itatuwan mangurof suna tsira ne daga wajen matsakaicin tsayin teku zuwa inda babbar cika take kaiwa. Ƙasa da haka saiwarsu ta nutse ta rasa iska, sama da haka itatuwan tudu su ƙwace musu wuri. Ke nan idan aka bi ƙa'ida kalma da kalma, mafi yawan kurmin yana cikin teku, layin kuma zai bi bayansa, ta ɓangaren tudu. Zan kira wannan layin ciki. Ɗaya zaɓin shi ne a bi bakin kurmin ta ɓangaren ruwa, inda kore ya ƙare shuɗi ya fara. Wannan shi ne layin waje. Duka biyun suna nan a taswirar, wani lokaci ma a gaɓa ɗaya, wannan mai zane ya bi ciki, na gaba da shi ya bi waje.

Hujjar layin ciki mai ƙarfi ce, kuma ni kaina can zuciyata ta fi karkata. Na farko, shi ne ya yi daidai da yadda ake yi wa sauran wuraren da ruwa ke hawa ya sauka. Babu mai gardama cewa filin laka da ke bayyana idan teku ta janye yana wajen gaɓa. Idan itace ya tsiro a kan lakar nan, tsayin ƙasar bai canja ba, ruwan da ke shanye ta bai fasa zuwa ba. Me zai sa ganye ya mayar da teku tudu? Na biyu, layin ciki yana faɗa wa mai amfani da taswira abin da rayuwarsa ta dogara a kai: daga ina ne ƙasa busasshiya ta fara. Mai lissafin inda ambaliya za ta kai, mai neman wurin kafa sansanin agaji bayan guguwa, mai tsara hanya, duk wannan iyakar suke nema. Taswirar da ta nuna musu kilomita biyar na tudu alhali laka ce da ke nutsewa sau biyu a rana ta yaudare su, ko da ba da gangan ba. Na uku, layin ciki ya fi zama wuri ɗaya. Bakin kurmi ta wajen teku yana motsi. A gaɓar Guyana, Suriname da Giyana ta Faransa, manyan tudun laka da suka samo asali daga kogin Amazon suna tafiya a hankali suna bin gaɓa. Inda suka sauka, mangurof ya mamaye cikin 'yan shekaru, inda suka bari, igiyar ruwa ta cinye kurmin. Wanda ya ɗaure layin gaɓa a bakin wannan kurmi ya ɗaure shi ne a jikin abin da ba ya tsayawa.

Sai dai matsalar layin ciki ɗaya ce, kuma babba ce: sau da yawa ba a ganinsa. Ruwan yana tsayawa ne a ƙarƙashin rumfar ganye, inda idon tauraro ba ya kaiwa. Bayanan tsayin ƙasa da kowa ke iya samu kyauta ba sa fitar da mutum. Na SRTM, da aka auna da radar daga sararin samaniya a shekarar 2000, a cikin kurmi kusan saman itatuwa yake aunawa, ba ƙasa ba, alhali a Gabon akwai mangurof da ya haura mita 60. Ga shi kuma ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce ƙwarai. A ce tana hawa mita ɗaya a duk kilomita ɗaya, to kuskuren santimita 20 a tsayi ya zama kuskuren mita 200 a kan taswira. Zuwa da ƙafa ma ba sauƙi ba ne. Wanda zai auna iyakar da kansa sai ya shiga laka har cinya a ranar babbar cika, a daidai sa'arta, kuma abin da zai samu ɗigo ɗaya ne a gaɓa mai ɗaruruwan kilomita.

Amma ba ko'ina ne layin ciki yake ɓoye ba, kuma wannan shi ne abin da masu watsi da shi suke mantawa. A gaɓoɓin da ke da rani mai tsawo, bayan kurmin akwai fili fari ko toka-toka wanda gishiri ya hana komai tsira. A yankin Salum na Senegal ana ganinsa, a arewa maso gabashin Barazil ana ganinsa, haka a arewacin Ostareliya. Wannan fili sai cika mafi girma ce take taɓa shi, don haka iyakar da ake nema tana kusa da inda kurmi ya haɗu da shi. Fili ne da ke haske a hoto kamar an shafa alli. A wasu wuraren kuma mutane ne suka ja layin da hannunsu: shingen ƙasa na gonakin shinkafa a Gini Bisau, bangon tafkunan kiwon jatan lande a Indunusiya da Ekwado, titin da aka ɗaga, ganuwar gari. Ruwan teku ba ya wuce su, ko yaro ya kalli hoton zai nuna maka. Akwai kuma inda tudu ya tashi tsaye a bayan kurmin, launin ganye ya sauya farat ɗaya daga koren mangurof mai duhu da santsi zuwa na dajin tudu mai gargada. A irin waɗannan wurare, ban ga uzurin barin layin ciki ba.

Yanzu layin waje. Babbar hujjarsa ita ce gani ya kori ji. Ɗaya daga cikin ginshiƙan OpenStreetMap shi ne a zana abin da wani zai iya zuwa ya tabbatar. Bakin kurmi ta wajen ruwa abu ne da mutum goma za su kalli hoto ɗaya su zana shi wuri ɗaya. Mai kwale-kwale da ya taho daga teku shi yake fara gani, shi ne ya tare masa hanya, kuma a bakinsa shi ne gaɓa. Akwai kuma nauyin tarihi. A farkon shekarun aikin, wanda Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, an shigo da gaɓoɓin duniya da yawa daga wani kundi mai suna PGS na gwamnatin Amurka, wanda aka ciro daga hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat. Na'ura ce ta raba ruwa da abin da ba ruwa ba, ita kuwa ba ta san laka a ƙarƙashin ganye ba, don haka ta bi waje. Har yau akwai gaɓoɓin da lakabin source=PGS yake manne a jikinsu. Ke nan a wurare da yawa layin waje ba zaɓin wani ba ne, gado ne. Wannan bai sa ya zama daidai ba, amma ya sa sauya shi aiki ne ja.

Hujjar da ta fi damuna, wadda ta hana ni cewa a bi ciki ko'ina, ita ce ta tsibirai da manyan bakunan koguna. Ka ɗauki yankin da ake kira Ten Thousand Islands a kudu maso yammacin Fulorida, ko ƙananan tsibiran gaɓar Beliz. Da yawansu ba komai ba ne illa tarin mangurof da ruwa ke ratsawa. Suna da sunaye, masunta suna kwatance da su, jiragen ruwa suna kauce musu. Idan aka bi ƙa'ida tsantsa, babu layin gaɓa da zai zagaye su, kuma a duk taswirar da ba ta nuna fadama, za su ɓace ɓat, a bar shuɗi fayau a inda jirgi zai yi karo da itace. Ka kuma ɗauki Sundarbans. Kurmi ne da damisar Bengal da barewa suke rayuwa a cikinsa, mai ɗaruruwan koguna da mashigai da ke raba shi tsibiri-tsibiri. Mayar da shi duka teku zai goge siffar waɗannan mashigai daga taswirori masu yawa, alhali su ne titunan wurin. Sannan a manyan bakunan koguna masu yawan ruwan sama, kamar Neja Delta ko kudancin tsibirin Niyu Gini, mangurof ba ya ƙarewa a wani layi. A hankali yake narkewa cikin kurmin fadama na ruwan daɗi, gishiri yana raguwa, nau'in itace yana sauyawa, har tsawon kilomita masu yawa. Wanda ya ce zai nuna maka iyakar babbar cika a nan daga hoton sama, ƙiyasi yake yi.

Aibun layin waje kuwa, bayan cewa yana kiran laka tudu, shi ne abin da yake jawowa a kan mashigai. Kurmin mangurof cike yake da ƙoramun da teku ke shiga ta cikinsu, manya da ƙanana, masu rassa kamar jijiyar ganye. Da zarar ka ce bakin itatuwa shi ne gaɓa, sai ka yanke shawara a kan kowace ƙorama: in shiga da layin in bi ta har ƙarshe in fito, ko in tsallake bakinta? Mai ƙwazo zai shiga kowacce, layin gaɓa ya zama dubban lanƙwasa, kowace lanƙwasa wuri ne da wani zai iya tsinka shi. Mai gaggawa zai tsallake duka, mashigan su ɓace. Layin ciki ba shi da wannan ciwon kai, domin ƙoramun duka suna cikin teku tun farko, kurmin ne kawai ake zanawa a kansu.

Yana da kyau a duba yadda masu taswirar jiragen ruwa suka warware wannan, tunda sun daɗe suna fama da shi. A ƙa'idojin Hukumar Taswirar Teku ta Duniya, IHO, mai hedikwata a Monako, bakin mangurof ta wajen ruwa ana zana shi da siririn layi mai tsinke-tsinke tare da alamun itatuwa, kurmin kuma a ba shi launin wurin da ruwa ke hawa ya sauka, sannan iyakarsa ta tudu ita ce gaɓa. Amma sun bar ƙofa: idan taswirar ta babban yanki ce, ko ba a san iyakar ciki ba, ya isa a nuna ta waje kawai. Masu taswirar teku na Amurka ma suna da suna na musamman ga bakin kurmi ko na fadama, wanda ma'anarsa gaɓar da ido ke gani, don su bambanta ta da gaɓar gaskiya. Wato ƙwararru ba su zaɓi ɗaya suka jefar da ɗaya ba. Sun fifita ciki, sun yarda da waje idan babu ilimin ciki, kuma sun ƙi ɓoye wa mai karatu wanne suka bi. A ganina wannan tsari ya dace da mai zanen sa-kai kamar yadda ya dace da su.

Wani abin da ke sa mutane ɗar-ɗar, gara a kawar da shi: matsar da wannan layi ba ya ƙara wa wata ƙasa ruwa ko ya rage mata. Yarjejeniyar dokar teku ta 1982 tana auna mil 12 na teku, wato faɗin ruwan da kowace ƙasa ke mallaka, ne daga iyakar janyewar ruwa, ba ta cikarsa ba, kuma iyakokin teku ana zana su daban a taswirar.

To ta yaya mutum zai zaɓa a gaɓar da ke gabansa? Ni abu huɗu nake dubawa, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Faɗin kurmin shi ne na farko. Idan siririn ɗamara ce ta mita 20 ko 30, kada ka ɓata dare kana tunani, domin karkacewar hoton da kake zane a kai ma tana iya kusantar haka. Bi ciki idan ka gan shi, ka wuce. Na biyu shi ne girman hawa da saukar ruwa. A tekun Karibiyan bambancin cika da janyewa bai cika kai rabin mita ba. A King Sound da ke arewa maso yammacin Ostareliya yana haura mita 10. Inda bambancin ke da girma, ruwa yana shiga kurmin sosai, yana da zurfi, kiran wurin tudu ƙarya ce ƙarara, kuma yawanci ruwan yana barin alama a bayan kurmin. Na uku, kuma shi ne mai yanke hukunci, me ke bayan kurmin? Filin gishiri, shinge, titi ko tudu mai tashi: ciki. Kurmin fadama marar iyaka, ko tsibirin da duk jikinsa mangurof ne: waje. Na huɗu shi ne abin da maƙwabta suka yi. Idan kilomita 300 na gaɓar an zana su a waje, kai kuma kilomita 5 ka zo gyarawa, mayar da naka ciki zai bar wani rami mai kusurwa a taswira wanda babu shi a duniya.

Akwai zaɓi na uku da wasu ke yi don su raba gardama, wato su ja layin ta tsakiyar kurmi. Wannan kam ban yarda da shi ba ko kaɗan. Bai bi ƙa'ida ba, ba a ganinsa a hoto, ba wanda zai iya tabbatar da shi ko ya ƙaryata shi, kuma wanda ya zo baya zai ɗauka an auna ne. Na waje aƙalla yana faɗin gaskiya ɗaya, cewa nan itatuwa suka ƙare. Na tsakiya bai faɗi komai ba.

Duk wannan muhawara tana raguwa da rabi idan aka fara da abin da ya kamata a fara da shi, wato zana kurmin kansa. A zagaye shi a matsayin fili, a sa masa natural=wetland da wetland=mangrove. Wannan filin yana ɗauke da iyakokin biyu a jikinsa, ta ruwa da ta tudu. Mai binciken da ke son sanin faɗin kurmi zai samu, mai jirgi zai ga inda itatuwa suke, kuma duk ranar da aka samu hoto mafi kyau ko aka sauya ra'ayi, matsar da layin gaɓa daga wannan gefe zuwa wancan ba zai buƙaci sabon zane ba. Abin da ya fi ɓata taswira ba layin ciki ba ne ko na waje, layin waje ne da babu kurmi a bayansa, inda laka mai nutsewa take fitowa fes kamar filin da za a gina gida. Kuma kada a sa wa mangurof natural=wood kawai don kore ne. Yin haka yana goge labarin ruwan gaba ɗaya.

Daga nan sauran abubuwan suna hawa wurinsu. Lakar da ba ta da itace a gaban kurmi, wetland=tidalflat ce, kuma tana wajen gaɓa a kowane zaɓi. Ƙananan ƙoramun da teku ke shiga ta fita a ja su da layi ɗaya mai lakabin waterway=tidal_channel. Idan ka bi waje, shawarata ita ce layin gaɓa ya shiga manyan mashigai kawai, waɗanda fili ne cewa reshen teku ne, matsakaita a zana su filin ruwa da natural=water tare da tidal=yes, ƙanana kuma layi ya ishe su. Tafkunan kiwo landuse=aquaculture ne, shingensu man_made=dyke. Inda gefen kurmi da layin gaɓa suka zo ɗaya, su yi tarayya a ɗigo, kada a ja layi biyu kusa da kusa a bar siririyar tazara. Kurmi mai girma kuma a yanka shi gida-gida ta bin mashigai, tunda layi ɗaya ba ya ɗaukar fiye da ɗigo 2,000, kuma ƙaton fili guda mai ramuka ɗari wahala ce ga duk wanda zai taɓa shi bayanka.

Game da yadda abin zai fito a ido: a taswirar da aka saba gani ta OpenStreetMap, kurmin da ya faɗo ɓangaren tudu na layin gaɓa yana fitowa da alamun itatuwa a kan kore, wanda ya faɗo ɓangaren teku kuma alamun suna hawa kan shuɗi. Wasu suna zaɓar layin waje don koren ya fi musu kyau. Wannan ba dalili ba ne. Launi ra'ayin mai fenti ne, gobe yana iya sauyawa, bayanan kuwa suna nan.

Hoto ma yana da nasa tarko. Hotunan Bing da Esri da ake samu a manhajojin zanen taswirar, iD da JOSM, suna da kaifi, amma ba ka san ko lokacin cika aka ɗauka ko lokacin janyewa ba, wani lokaci ma ba ka san shekarar ba. Na taurarin Sentinel-2 ba su da wannan kaifi, kowane ɗigo mita 10 ne, amma ana sabunta su duk 'yan kwanaki kuma suna ɗauke da kwanan wata. Idan ka jera na ranar babbar cika da na ranar da ruwa ya yi ƙasa, za ka ga ko filin gishirin bayan kurmi ya jiƙe ko bai jiƙe ba, kuma wannan shaida ce ta gaske a kan inda layin ciki yake. Bayanan Global Mangrove Watch, waɗanda suka dogara da radar taurarin Japan da hotunan Landsat daga 1996 zuwa 2020, suna taimakawa wajen gane ko koren da kake gani mangurof ne. Amma kwafe su kai tsaye cikin taswira wani batu ne daban: yana buƙatar a tabbatar lasisinsu ya dace da ODbL, wanda taswirar ke kai tun 2012, da kuma bin ƙa'idar shigo da bayanai masu yawa.

Abu na ƙarshe da zan tsaya a kai shi ne sauya layin da ka tarar. Nan ne ake garin gyaran gira a rasa ido. Guntu ɗaya da ka juya wa fuska, ko tazara ɗaya da ka bari, tana iya sa a ga tudu ya zama teku a yanki mai faɗi. Saboda haka ne masu fitar da siffar ƙasa suka sa matsara: idan sabon sakamako ya bambanta da na jiya fiye da kima, ba a sakinsa sai mutum ya duba. Wanda ya matsar da gaɓar babban kurmi a zama ɗaya yana iya tsayar da sabuntawar gaɓoɓin duniya duka na kwanaki. Don haka ƙaramin gyara ka yi shi kai tsaye, ka gudanar da mai binciken kurakurai na JOSM kafin ka tura. Babban sauyi kuwa, irin na mayar da wani yanki daga waje zuwa ciki, sai ka fara tuntuɓar masu zanen ƙasar, musamman waɗanda suka taɓa shiga wurin da kwale-kwale, domin sun san inda ruwa ke kaiwa fiye da kowane hoto. Idan an amince, a yi shi kashi-kashi, daga bakin kogi zuwa bakin kogi, yadda mahaɗar tsohon layi da sabo za ta faɗa a wurin da gaɓa ta lanƙwasa da kanta.

Kuma ko wanne ka bi, ka rubuta. A bayanin da ke tafiya da gyaranka ka ce layin yana bin bakin kurmi ta waje domin ba a ganin iyakar cika, ko yana bin shingen gonaki ta ciki, da hoton da ka yi amfani da shi. A jikin layin kansa ka sa note da jimla ɗaya mai faɗin haka, ka cire source=PGS idan ka sake zana shi. Inda ka bi waje don rashin shaida, ƙara fixme yana gaya wa wanda zai zo da hoto mafi kaifi, ko da ma'aunin tsayin ƙasa na lidar, mai aiki da hasken laser da ke ratsa tsakanin ganye, cewa wannan guntun yana jiran a matsar da shi ciki.